Ki Buɗe Baki A Wurin Aiki, 'Yar Gobir

 A makon nan ina so mu yi wata magana wadda ta shafi kowace mace da ke aiki tare da jama'a, ko malamar makaranta ce, ko unguwarzoma, ko mai ɗiga maganin shan-inna, ko wadda aka sa cikin kwamitin unguwa. Ku ma da ba ku fita, kada ku ajiye jaridar, gama 'ya'yanku ne za su fita gobe, a ɗakinku kuwa suke koyon magana ko rashinta.

Mun sami shiga wuraren aiki, alhamdu lillahi, amma da yawa daga cikinmu jiki kaɗai ya shiga, baki an baro shi gida. Ku lura da mitin ɗin malamai a galibin makarantunmu, tun daga Isa har Sabon Birni. Maza su zauna gaba kusa da teburin hedimasta, mata biyu ko uku su raɓe can baya wajen ƙofa, su ja mayafi, su sunkuyar da kai. A yi awa guda ana shawara, a yanke, a shafa fatiha, a tashi. Sai an fito an kama hanyar gida sa'an nan za ki ji baki ya buɗe: ai wannan dabara ba za ta yi ba, ai ni na san abin da ya hana yaran zuwa. To, 'yar'uwa, maganar kan hanya ba ta shiga littafin mitin. Ihu bayan hari ke nan.

Da a ce mu kaɗai shirun nan ya ke cuta, da sai in ce kowa ta ji da kanta. Amma ba haka ba ne. A ƙasarmu namiji baƙo iyakarsa zaure, waɗansu gidaje ma an rubuta "ba shiga" ɓaro-ɓaro a ƙofa. Rabin al'amuran gari a bayan wannan ƙofa su ke: haihuwa, da jego, da ciwon yara, da tallan 'yammata, da zancen aurar da su. Duk ƙungiyar aikin da matanta ba su magana, tana aiki ne da ido ɗaya.

Ku dubi rigakafin shan-inna, wanda kowaccenmu ta gani da idonta. Masu bi gida-gida 'yan kaɗan ne a ƙungiya: mai ɗiga magani, da mai rubutu, da wani mutumin mai unguwa da ke yi musu jagora. Macen ce ke yin sallama ta shiga, ta ɗiga wa yaro ɗigo biyu, ta shafa masa tawada a ɗan yatsa, a fito a yi alama da alli a bango. Ita ce ke ganin an ɓoye jinjiri bayan gado. Ita ce uwargida ke raɗa wa cewa ba ita ta ƙi ba, maigida ne ya hana, shi kuwa haushi ya ke ji don ana ta kawo maganin cutar da bai gani ba, alhali ɗansa na kwance da zazzaɓi ba wanda ya kula. Da maraice ma'aikata su taru su ba da labarin yini. Kadan ta ce gida uku sun ƙi, ta ja bakinta, sai a rubuta uku, gobe a kai ƙara wurin uban ƙasa, a ƙara wa mutane fushi. Kadan kuwa ta faɗi dalilin, sai a san inda za a ɓullo wa al'amarin. Irin wannan kuka na iyaye shi ya sa daga baya aka riƙa haɗa rigakafin da sabulu da magungunan ƙananan cututtuka.

Aikin nan bai zo da sauƙi ba. Cikin 2003 aka tsai da rigakafin a Kano saboda zargi, ba a koma ba sai 2004. Cikin watan Fabrairu na 2013 aka harbe mata tara masu wannan aiki a Kano. Duk da haka mata ba su daina ɗaukar akwatin sanyi suna shiga lungu ba, har aka ga ƙarshen asalin ƙwayar cutar a Borno cikin 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020 aka yi shelar Afirka ta rabu da ita, ko da ya ke akwai wani reshe nata da ya sa ba a daina ɗigon ba. Nan jiharmu ta Sakkwato ma, cikin 2013, aka zaɓi mata goma-goma daga kowace mazaɓa cikin mazaɓu 244, watau mata 2,440, aka koya musu kai wa masu ciki man shafa wa cibiyar jariri da ƙwayoyi uku na tsai da jini bayan haihuwa. Wanda ya ɗauki nauyi irin wannan, har waɗansu suka ba da ransu, ina dalilin da za a ce wurin shawara nasa sauraro ne kurum?

Sunan cutar nan ma ya tuna mini wani abu. Kakanninmu sun ɗauka wata iska ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro, yanzu kuwa mun sani ƙwayar cuta ce da ke bin bayan-gida ta shiga ruwa da abinci. Amma akwai wata Inna ta mutane, wadda ya kamata kowace 'yar Gobir ta san labarinta, domin ita ce amsar masu cewa al'adarmu ba ta san mace da magana a gaban manya ba.

MALFAR INNA DA MALFAR JAJI

Sa'ad da Alkalawa ke babban birnin Gobir, can bakin gulbin Rima inda kufansa ya ke har yau a ƙasar Sabon Birni, akwai sarauta ta mace a fada, ita ce Inna. Daga cikin 'ya'yan gidan sarauta a ke naɗa ta. Tana da gidanta da mutanenta, ita ce shugabar matan ƙasa, wurinta su ke kai kukansu, kuma tana sa malfa a kanta kamar manyan maza. Ita ce kuma uwar 'yan bori. Ba bori na ke yabo ba, Allah ya kiyashe mu. Abin da na ke so ku gani shi ne Gobirawan dā, da ƙarfinsu da yaƙinsu, ba su ga mulki ya cika ba sai da kujerar mace a ciki.

Alkalawa ta faɗi cikin 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wannan yaƙi. Da mutum zai yi tsammani malfar nan ta tafi ke nan. Ashe ba ta tafi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa cikin 1793, matar Waziri Giɗaɗo, ta duba ta ga ƙauyuka cike da mata waɗanda ba su san ko farillan alwala ba, da yawansu yaƙi ne ya kawo su, ba abin da suka saba da shi sai bori. Ita kaɗai ba ta iya zaga ƙasa. Sai ta kafa ƙungiya, ita ce a ke kira 'Yan Taru. A kowane gari ta zaɓi mace mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji. Jaji kalmar fatake ce, watau mai jan ayari. Abin da ta ɗora musu a ka kuwa shi ne malfa, da jan ƙyalle naɗe a jikinta. Ta ɗauki alamar da matan ƙasar suka riga suka sani ta girma ce, ta mai da ita alamar ilmi. Ni dai ban san wata dabara ta koyarwa da ta fi wannan ba, duk da littattafan da aka karanta mana a kwalejin horon malamai.

Ku lura da yadda aikin ya gudana. Matan aure masu ƙuruciya suna gidajensu. Masu tafiya su ne tsofaffi da 'yammata ƙanana. Jaji ta ja su a ƙasa har wurin Nana, su kawo abin da ya sawwaƙa na hatsi ko zuma ko zane, a raba wa mabukata. Su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci don su yi sauƙin haddacewa, su koma su shiga gida-gida su koyar. Su ne kuma ke jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sulhunta masu faɗa. To, jajin da ta yi kwana da kwanaki a hanya, ta zo gaban 'yar Shehu, kuna tsammani sunkuyar da kai ta ke yi ta koma? Tambayoyin matan garinta ta ke ɗauke da su, waɗanda su ba su da halin zuwa su yi da kansu. In ta yi shiru, tafiyar ta zama banza. Bayan rasuwar Nana cikin 1864 ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin, bai mutu da mai shi ba.

Mahaifinta ma, cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In kuwa wani ya ce wannan duk tarihin ƙasa ne, sai a tuna masa da Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. Bayan an ƙulla sulhu, Sahabbai suka cika da baƙin ciki, aka umurce su su yanka hadayarsu su yi aski, ba wanda ya motsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga wurin Ummu Salama ya gaya mata. Ta ba shi shawara ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira mai aski. Ya yi hakanan, nan da nan jama'a suka tashi suka bi. Wane hedimasta ne, ko wane shugaban asibiti, zai ce ya fi ƙarfin jin shawarar mace bayan wannan?

Turawa ma sun auna abin da irin nasu awo. Cikin 2010 waɗansu masana a Amurka suka tara mutum 699, suka raba su ƙungiya-ƙungiya, daga mai mutum biyu zuwa mai biyar, suka ba su ayyuka iri-iri. Suka tarar ƙungiyar da mutum ɗaya ko biyu suka kankane magana ita ce ke baya, ko da akwai mai kaifin ƙwaƙwalwa a cikinta. Wadda a ke karɓa-karɓar magana ita ce ke gaba. Suka kuma tarar ƙungiyoyin da mata suka fi yawa sun fi yin kyau, galibi don matan sun fi iya karanta fuskar abokin aiki. Wannan kam ba labari ba ne ga wadda ta zauna gidan kishiyoyi.

KUNYA DABAM, SHIRU DABAM

Na san abin da za ku ce: kunya. Kunya ado ce, ban zo in tuɓe wa kowa ita ba. Amma kunya tana cikin yadda a ke magana ne, ba cikin ƙin yin ta ba. Ga misali. A wata makaranta da na yi koyon aiki, 'yammatan aji biyar da shida sun riƙa fashin kwana uku ko huɗu kowane wata. Aka yi mitin, maza suka ce lalaci ne, waɗansu suka ce talla ce, aka kusa yanke a riƙa bulala da tara. Wata dattijuwar malama, wadda ta kusa barin aiki, ta yi gyaran murya ta ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan sun fara girma, makewayin makaranta kuwa guda ne, ba shi da ƙyaure, ba tulun ruwa." Iyakar abin da ta faɗi ke nan. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ambaci abin da ba a ambata ba, amma duk mai 'ya a gida ya gane. Ɗakin ya yi tsit. Kafin ƙarshen wata iyaye suka kewaye wani wuri da zana, aka ajiye randa da buta, fashin ya ragu ƙwarai. Maza goma sha na wurin ba mugaye ba ne. Ba su sani ba ne, ba kuwa yadda za su sani in ba a gaya musu ba. Da ta yi shiru, da an bugi yara a kan abin da ba laifinsu ba, waɗansu kuwa daga wannan bulala sai ɗakin miji.

Saboda haka in za ki mitin, ki je da abin hannu. Kada ki ce yara ba su zuwa. Ki buɗe rajista tun da dare ki ƙirga, ki ce yara kaza ne suka yi fashi, ran kasuwa ne suka fi yi, daga unguwa kaza su ke. Mai lissafi a hannu ba a yi masa dariya. Ki zauna inda za a ji ki, ba bakin ƙofa ba. Ki yi maganarki da wuri, gama in kika bari zance ya yi nisa zuciya sai ta yi ta bugawa har a tashi. In kin gama, ki roƙa a rubuta a littafi, domin wata mai zuwa ki sami abin tambaya a kai. In ana rabon muƙami kuma, kada kullum a bar ki da dafa abincin baƙi da jera kujeru. Ki karɓi sakatare ko ma'aji. Mai riƙe da alƙalami ba a mantawa da ita a ɗaki.

Akwai wani abu da kan faru wanda ke kashe jiki. Ki kawo shawara a wuce kamar ba a ji ba, can an jima wani namiji ya maimaita ta, a ce madalla da Malam. Faɗa ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi 'yar'uwa ce a gefe, wadda za ta ce cikin ladabi, "Gaskiya ne, wannan ita ce maganar da Malama ta kawo ɗazu, ko za ta ƙarasa mana?" Ku shirya wannan tun kafin ku shiga. Abin baƙin ciki, sau da yawa ba haka mu ke yi ba. Yarinya sabuwar ɗauka ta yi ƙarfin hali ta yi magana, kafin maza su ce uffan mu ne za mu fara zunɗe, a ce ji rawar kai, ji rashin ta-ido, wa zai auri wannan. Ranar ke nan da ta rufe baki, watakila har ta bar aiki. Ku manyanmu, iyayenmu a wurin aiki, ku ji tsoron Allah game da wannan. Jaji ba ta tafiya ita kaɗai, 'yammata ta ke ja a baya.

Wajen maigida kuwa, kada ya ji a bakin mutane cewa matarsa ta yi jawabi. Ki gaya masa tun a gida abin da za ki faɗa da dalilinsa. Sau da yawa shi zai ƙara miki wata hujja, in an taɓa ki a waje kuma shi zai tsaya miki.

Na san maza na leƙa wannan fili a ɓoye, to, ga naku. In kai ne shugaba, kada ka sa mitin bayan isha'i, ko a zauren gidanka, sa'an nan ka ce mata ba su zuwa. Ka sa shi a wurin aiki da rana. Kada kuma ka faɗi ra'ayinka da fari, gama in babba ya riga ya yi magana, sauran sai amin. Ka fara da ƙaramar ma'aikaciya, ka kira sunanta, ka tambaye ta abin da ta gani a cikin gidaje, ka ba ta lokaci ta haɗiye miyau. Baturen nan Michael Cardew, da ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu a ke kira Suleja, maza ya tara. Cikin 1954 ya ɗauki mace ta farko, Ladi Kwali, bai kuwa ce ta watsar da irin zanen da ta koya a gida ba. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Ba na rufe ido ga halin da mu ke ciki. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, tun 2019 dubban mutanenmu suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi, waɗansu makarantu da ɗakunan shan magani na ƙauye sun rufe. Ma'aikacin da aka turo daga nesa yakan nemi canji, ba kuwa a ga laifinsa ba. Wadda ke saura ita ce 'yar gari, mai aure a nan, mai 'ya'ya a nan. Ita ta san wace mai ciki ce ta gudo ba ko zanen canji, wace yarinya ce ba ta barci tun ran da aka shiga garinsu, wace hanya ce mata suka daina bi zuwa rijiya. Masu kawo taimako daga Sakkwato kwana ɗaya su ke yi su juya. In sun tara mutane suka ce me ku ke bukata, aka bar maza kaɗai suka amsa, za a kawo buhunan hatsi, ba za a kawo abin da mai jego ke nema ba.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce sai kun girma. Tun 2006 hukumar ilmi ta ƙasa ta yarda kowace makaranta ta kafa kwamitin kula da ita, na iyaye da malamai da dattawan gari, cikin tsarin kuwa akwai kujerar mata, akwai ta shugabar ɗalibai mata. Ku tambayi malamarku ko na makarantarku yana zama, wa ke wakiltarku, me ta faɗa a zaman da ya wuce. In malam ya yi tambaya a aji kin san amsa, ki ɗaga hannu ko da muryarki na rawa. Ku iyaye mata, in yarinya ta dawo tana ba da labarin makaranta, ku bar ta ta kai aya kafin ku aike ta ɗebo ruwa.

Ina roƙon wata alfarma. A garuruwanmu akwai tsofaffin da suka ga jajoji da idonsu, ko kakanninsu suka yi tafiyar 'Yan Taru. Wadda ke da irin wannan tsohuwa a gida, ta zauna da ita da takarda da fensir, ta tambaye ta wace hanya su ke bi, kwana nawa su ke yi, me su ke ɗauka, me su ke tambaya in sun isa. Ta aiko wa Edita da sunan wannan fili, za mu buga, in Allah ya so.